In Ba Mu Tuba Ba: Darasi a Kan Shari'ar Allah

Karatu: Luka 13:1-9
Ayar haddacewa: Romawa 14:12

Gabatarwa

Mu mutanen kudancin Kaduna ba baƙi ba ne ga makoki. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu har Zariya da Kaduna. Bayansa aka yi na Zangon Kataf a 1992, da na Kaduna a 2000, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011. A 2016 ma ƙauyuka a ƙasar Chawai, cikin ƙaramar hukumar Kauru, sun binne 'ya'yansu. Duk lokacin da irin wannan ya faru, tambayoyi biyu sukan cika gidajenmu: Ina Allah yake? Yaushe zai hukunta masu laifi? Darasinmu zai duba amsar da Yesu ya ba waɗanda suka zo masa da irin wannan damuwa.

1. Masifa ba ita ce ma'aunin zunubi ba

Waɗansu sun kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Shi kuma ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu. Na farko kisan gilla ne daga hannun mai mulki, na biyu hatsari ne. Mutanen zamanin sun ɗauka cewa wanda irin wannan ya same shi, lalle zunubinsa ya fi na saura. Yesu ya ƙi wannan ra'ayi sarai. Waɗanda suka mutu ba su fi waɗanda suka rayu laifi ba.

Wannan ta'aziyya ce ga gwauruwa da maraya. Kada kowa ya ce wa iyalin da aka ƙone musu gida ko rumbu wai alhaki ne ya kama su. Abokan Ayuba sun yi masa irin wannan magana, a ƙarshe Allah ya tsawata musu.

Amma Yesu bai tsaya nan ba. Sau biyu ya gargaɗi masu sauraronsa cewa su ma hallaka tana jiransu muddin ba su tuba ba. Sun zo da labarin waɗansu, ya mai da maganar a kansu.

2. Allah yana gani, zai kuwa yi shari'a

Littafin Farawa sura 4 ya nuna cewa jinin Habila bai ɓoyu ga Allah ba, ko da yake babu mai shaida a jejin da Kayinu ya kashe shi. Haka yake har yau. Kwamitin bincike yana iya rubuta rahoto a ajiye shi, shari'ar duniya tana iya jinkiri, amma babu ran da aka ɗauka da zalunci wanda Allah ya manta da shi. A Atina, manzo Bulus ya sanar cewa Allah ya riga ya sa ranar da zai yi wa duniya shari'ar gaskiya ta wurin Yesu, wanda ya tasa daga matattu (Ayyukan Manzanni 17:30-31).

Saboda haka ne aka hana mai bi ɗaukar fansa (Romawa 12:19). Hakkinmu ne mu kai ƙara wurin hukuma, mu nemi a kare mu, mu faɗi gaskiya ba tsoro, gama aikin hukuma ne ta hukunta mai mugunta (Romawa 13:4). Amma matashin da ya tare hanya ya huce fushinsa a kan matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zub da jinin marar laifi. Sunan Kirista ba zai rufe wannan a gaban Allah ba.

3. Kowa zai ba da lissafin kansa

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A zamanin annabi Ezekiyel mutanen Yahuza suna ɗora wahalarsu a kan iyayensu. Allah ya amsa a sura 18 cewa kowane mutum zai ɗauki alhakin abin da ya aikata. Ba za a yi mana shari'a kabila kabila ko ɗarika ɗarika ba. Kowannenmu zai tsaya shi kaɗai a gaban kursiyin Almasihu (2 Korintiyawa 5:10). Manzo Bitrus kuma ya ce daga gidan Allah shari'a take farawa (1 Bitrus 4:17).

To, me za a tambaye mu? Mudun da muke sayen masara da shi, shi ne wanda muke sayarwa da shi? Iyakar gonar gwauruwa tana nan inda mijinta ya bar ta? Kuɗin baiko da kayan agajin da aka damƙa mana domin 'yan gudun hijira sun kai ga masu su? Maigidan da ya sayar da hatsi ya shanye kuɗin a gidan burkutu, 'ya'ya kuwa an koro su daga makaranta, me zai ce? Jita-jitar da muka tura ta waya ba tare da bincike ba, wa ta sa a hatsari?

4. Tuba ta gaskiya tana ba da 'ya'ya

Tuba ta wuce kuka a taron farkawa. Sa'ad da annabi Natan ya fuskanci Dawuda, sarkin bai kawo hujja ba, ya amsa laifinsa (2 Sama'ila 12). Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta (Luka 19:8). Ga matakan nan: amsa laifi, barin sa, da gyara ɓarnar da aka yi.

A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar na kudancin Kaduna, Kirista da Musulmi, sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan, suka nemi gafarar juna a fili. Abin yabo ne. Amma kafin shekarar ta ƙare an sake zub da jini. Wannan ya koya mana cewa takarda kaɗai ba ta sāke zuciya. Sai abin da shugabanni suka furta ya shiga kowane gida, iyaye su daina shayar da 'ya'yansu ƙiyayya.

5. Lokacin alheri yana da iyaka

Yesu ya rufe maganarsa da misalin itacen ɓaure wanda ya shekara uku bai ba da 'ya'ya ba. Mai gonar ya ce a sare shi, amma mai lura da gonar ya roƙa a ƙara masa shekara guda, ya yi masa kaftu ya zuba taki. Kowane manomi a Kauru ya san darajar taki, ba a zuba shi a banza. Kowace safiya da muka tashi da rai, ƙarin lokaci ne aka ba mu. Jinkirin Allah haƙuri ne, domin ba ya so kowa ya hallaka (2 Bitrus 3:9). Mai shari'ar nan kuwa shi ne ya ɗauki hukuncinmu a kan gicciye. Duk wanda ya furta zunubinsa zai sami gafara da tsarkakewa (1 Yahaya 1:9).

Tambayoyi domin tattaunawa a iyali

1. Me ya sa Yesu bai tsaya a kan laifin Bilatus ba?
2. Mene ne bambancin neman adalci da ɗaukar fansa?
3. Akwai abin wani a hannunmu da ya kamata mu mayar kafin Lahadi mai zuwa?
4. Wane ne a gidan nan ko a unguwa ya kamata mu nemi gafararsa?

Addu'a

Ya Uba mai adalci, ka ta'azantar da masu makoki a ƙasarmu, ka kuma juyo da zukatan masu mugunta. Ka nuna mana namu zunubi, ka ba mu ƙarfin hali mu tuba, mu gyara abin da muka ɓata. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.