Gizo-gizo mai tsalle: ku san shi kafin ku ɗauko maganin ƙwari

'Yan kasuwa da iyalai, idan kun kwance huhun goro ko nonon ayaba da aka ɗauko daga kurmin kudancin Najeriya, Kamaru ko Gana, wani lokaci kukan ga ƙaramin gizo-gizo ya yi tsalle ya fito. Kada tsoro ya sa ku fesa wa kayan abinci guba, domin fiya-fiya ta fi wannan halitta haɗari nesa ba kusa ba.

Masana na kiran danginsa Salticidae, kuma ire-irensa sun haura 6,000. Alamominsa uku ne. Na farko, idanunsa takwas, biyu na gaba manya ne kamar fitilun mota, kuma yakan juyo ya dube ku. Na biyu, gajere ne mai gashi, ƙafafunsa kakkaura, galibi bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Na uku, ba ya saƙa yana don kama abinci. Da rana yake farauta, ya laɓaɓa, ya dira a kan ƙuda ko sauro. Akwai ma wani irinsa, Evarcha culicivora, a gaɓar Tafkin Biktoriya a Kenya da Yuganda, wanda ya fi son macen sauro da ta sha jini, har da mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Da wuya mai tsalle ya ciji mutum, in kuwa ya ciza, ɗan ja ne da ƙaiƙayi.

Wanda ya kamata ku kiyaya daban ne: mai kumburarren ciki, siraran ƙafafu, da tabo ja ko ruwan lemo a ƙarƙashin ciki. Yana rataye cikin hargitsattsiyar yana a lungu mai duhu, ƙarƙashin benci ko tsakanin buhuna, kuma jakar ƙwansa tana da tsini-tsini.

In an ciji wani, ku wanke wurin da sabulu, ku ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure. Idan aka ga murɗawar ciki, ɗaurewar jijiya, gumi mai yawa ko wahalar numfashi, musamman ga yaro ko mai juna biyu, a garzaya asibiti mafi kusa, ko da a tsallaken iyaka yake.

Ku riƙa kakkaɓe buhu da takalmi kafin ku sa hannu ko ƙafa. Allah Ya tsare mu.