Abin da Ke Sa a Nemi Tauraro a Kundi a Rasa

A zamanin nan masanin taurari ba lalle ne ya kwana waje yana duban sama ba. Sau da yawa kwamfuta yake tambaya. Ya rubuta sunan abin da yake bida, sai na'urar ta amsa masa da cewa babu. To, abin nan yana sama kuwa, bai gusa ba. Laifin yakan kasance ga suna, ko ga lissafin wurin da aka ce yake.

Wannan matsala ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A birnin Faris an yi wani masani, Charles Messier, mai farautar taurari masu wutsiya. Ya tsara jerin abubuwa masu kama da hazo a sararin sama, don kada su riƙa ruɗinsa, har a 1781 suka kai 103. Da na baya suka auna madubin hangen nesa inda ya ce na 47 yake, ba su ga kome ba. Ashe wajen lissafi ne ya yi tuntuɓe, ya musanya alamar tarawa da ta ɗebewa. Sai a 1959 T. F. Morris ya bayyana kuskuren, aka tabbata gungun taurarin nan ne da wani kundi ke kira NGC 2422. Na 91 ya fi wuya. Messier ya auna shi daga M89, alhali yana tsammani daga M58 ne, ba a kuwa warware wannan ba sai 1969.

Ga kuma rikicin suna. Babban tsibirin taurarin nan na Andromeda shi ne M31, shi ne NGC 224, shi ne har wa yau PGC 2557. Ma'ajiyar da ta san ɗaya ba ta san sauran ba, sai ta mayar da mai tambaya hannu rabbana. Domin maganin haka, a 1983 Georges Paturel da abokan aikinsa suka kafa ma'ajiyar LEDA a gidan duban taurari na Liyon. A 1989 suka fitar da kundi mai tsibiran taurari 73,197, kowanne da lambarsa guda, aka ɗaura sauran sunayensa a jikinta.

Saura lissafin wuri. Duniya tana layi kamar katantanwar yara in ta kusa faɗuwa, zagaye ɗaya cikin shekara wajen 26,000. Saboda haka lambobin wurin tauraro suna sakewa sannu a hankali. Wanda ya ba kwamfuta lambobin ma'aunin 1950, ita kuwa tana aiki da na 2000, yana iya kuskure da fiye da faɗin cikakken wata. Sai ya gaya mata ma'aunin da ya ɗauka, ko ya faɗaɗa da'irar nema kaɗan. In ya faɗaɗa ta ainun, maƙwabta za su cika masa allo, ya rasa wanne ne nasa.