Barin tuwo don rage ƙiba: abin da sikeli ba ya faɗa

Tambayar da ta fi yawan zuwa mana a ɗakin ba da shawarar abinci ita ce ko barin tuwo, shinkafa da burodi gaba ɗaya zai zubar da ƙiba. Dabarar ta daɗe, likita Robert Atkins ya yayata ta a Amurka tun 1972. Gaskiya ne nauyi yana sauka da sauri a makon farko, sai dai mafi yawansa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram riƙe da kusan giram 3 na ruwa, da ajiyar ta ƙare sai ruwan ya bi fitsari. Daga nan ne ciwon kai, jiri da kasala suke bijirowa. Idan tafiya ta yi nisa kuwa, fifikon dabarar a kan sauran hanyoyin rage ƙiba yakan dushe. Binciken Jami'ar Stanford na 2018 ya bi mutum 609 shekara guda: masu rage sitaci sun sauke kusan kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da ɗoriya. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

Wani zai ce ai masu ciwon sukari suna ganin sukarinsu ya sauka. Haka ne, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Wanda yake allurar insulin ko shan glibenclamide, idan ya yanke sitaci ba a rage masa magani ba, sukarin yana iya faɗuwa har ya kai shi ga makyarkyata, gumi da suma. Dole likitansa ya sani kafin ya fara. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda kuwa, kada su gwada bisa shawarar Facebook.

Sauran maganar tana kan abin da ya maye gurbin tuwon. Idan tsire ne da kitse da man shanu, mugun kitsen jini yakan hau wa wasu, ciki kuma ya yi tauri. Nazarin da mujallar Lancet Public Health ta buga a 2018 ya danganta musanya sitaci da nama da ƙaruwar mace-mace, musanya shi da abincin tsirrai kuma da raguwarsu. Shi ya sa muke cewa a fara da barin lemun kwalba, sukarin shayi da farin burodi, a rage malmala, a ƙara wake, zogale da miyar ganye, a ci gero da dawa ba tare da cire dusarsu ba.