Yadda Ake Gyara Kunnen Jariri Ba Tare da Tiyata Ba

Akan haifi jariri da kunne a lanƙwashe: wani samansa ya faɗo, wani ya yi tsini, wani ya baje ya rabu da kai. Sai ka ji ana cewa, "A bar shi, zai miƙe da kansa." Wasu kan miƙe, amma da yawa ba sa miƙewa, sai yaro ya kai shekara 5 ko 6 a yi masa tiyata, bayan ya sha tsokanar 'yan uwansa yara. Alhali tun a shekarun 1980 likitocin Japan suka nuna ana iya gyaran nan ba wuƙa ba jini.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jariri kan zo duniya da sinadarin istirojin na mahaifiyarsa a jininsa, shi ke sa guringuntsin kunne laushi. Wajen mako 6, daidai lokacin da mai jego ke yin arba'in, sinadarin ya ragu, kunne ya fara tauri. Don haka an fi so a fara cikin mako biyun farko.

Da farko likita zai duba kunnen. Idan wani ɓangarensa ne bai fito ba tun a ciki, wannan sai tiyata. Idan kuwa komai ya cika, lanƙwasa ce kawai, sai a aske gashin da ke kewaye, a goge fatar ta bushe.

Daga nan a manna wata roba mai taushi, irin su EarWell, a bayan kunnen ta tallafe shi. A sa ƙananan maƙalai su riƙe gefensa a siffar da ake so, sannan a rufe da murfi mai huda don iska ta shiga. Ba allura, ba maganin barci, kuma jariri zai ci gaba da shan nononsa.

A gida, aikin uwa shi ne kada ruwa ya shiga wurin lokacin wanka. Duk bayan mako biyu a koma asibiti, a duba ko fata ta yi ja ko ta saluɓe, a daidaita robar. Yawanci cikin mako 4 zuwa 6 ake cirewa, kunne ya tsaya.

Kada a gwada ɗaurewa da filasta a gida, fatar jariri ba ta jure matsi. Uwa ko kaka, in kin lura da lanƙwasa wajen wanka, ki nuna wa likita tun kafin suna.