Garin Dutse a Gine-ginen Birnin Zazzau: Madadin Yashi ko Madadin Siminti?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi shigowar garin dutse cikin kayan aikin magina a birnin Zariya. Ta bayyana abin da yake iya yi a cikin kwaɓin kankare da abin da ba ya iyawa, sannan ta auna shi da ilimin da maginan gargajiya suka gada game da makuba da katsi da laso. Matsayar maƙalar ita ce garin dutse yana iya maye gurbin yashi bisa sharuɗɗa, amma ɗaukarsa a matsayin madadin siminti kuskure ne mai haɗari, kuma sunan da ake kiransa da shi yana da hannu wajen yaɗuwar kuskuren.

1.0 Gabatarwa

A 1824 wani birkila ɗan Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin da duniya ke aiki da irinsa a yau. Bayan 'yan shekaru kaɗan, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara, ba tare da ko cokali guda na wannan siminti ba. Waɗannan fasahohi biyu sun yi gaba da gaba a shekarun 1970, lokacin da aka tayar da sabon gini na kankare ya lulluɓe abin da ya saura na tsohon masallacin. Mai shiga masallacin a yau zai ratsa kankare kafin ya isa ga bakan gizon Babban Gwani.

Abin da ya faru da masallacin shi ne ya faru da gidajen birni. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, bulo yana ta korar tubali, dakin yana korar azara. Masana irin su Saad (1981) da Schwerdtfeger (1982) da Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) sun yi rubutu mai zurfi a kan ginin ƙasa. Abin da ya biyo bayansa kuwa, wato kankare da kalmominsa da al'adun aikinsa, an fi barinsa ga injiniyoyi, alhali a bakin Bahaushe ake cinikinsa, da hannunsa kuma ake kwaɓa shi.

2.0 Mene ne garin dutse?

Idan injin fasa dutse ya niƙa dutse domin samar da tsakuwa, akan tace abin da ya fito gwargwadon girma. Ɓarɓashin da ya ratsa rariya mai ido kimanin milimita 5 shi ne garin dutse, wasu kuma su ce ƙurar dutse. A da shara ce da ke taruwa tsibi-tsibi a bayan inji. Ƙasar Zazzau tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo sarari a Kufena da Tukur-Tukur da Madarkaci, saboda haka garin da ake samu a yankin na irin wannan dutse ne, ba na farar ƙasa ba. Wannan bambanci zai yi amfani a gaba.

Dalilin da ya sa aka waiwayi wannan shara a fili yake. Yashin gini a Zariya daga koguna irin su Galma da Kubanni da Saye yake fitowa. Da damina ruwa yakan cika su, ɗiba ta yi wuya, wanda aka samu kuma ya zo da laka. Yawan haƙa yana zaftare gaɓar kogi, yana cin gonakin fadama. Matsalar ta wuce Zazzau: rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa duniya tana cinye kimanin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a kowace shekara. A kudancin Indiya, inda aka tsaurara dokar haƙar yashin kogi, yashin da aka niƙa daga dutse ya zama kayan kasuwa na yau da kullum.

3.0 A gurbin yashi

Kankare abu huɗu ne: siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Tsakuwa ita ce ƙashin jiki, yashi yana cike gurbin da ke tsakanin tsakuwa, siminti da ruwa kuma su haɗu su zama abin da ke ɗaure sauran. A kwaɓin da aka fi sani, wato 1:2:4, buhun siminti mai kilo 50 yakan ɗauki kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, domin ana lissafa buhu ɗaya a matsayin kwano biyu.

Tun da aikin yashi ciko ne, duk wani abu mai tauri da tsabta, wanda girman ƙwayarsa ya dace, zai iya yin aikin. Garin dutse ya cika waɗannan sharuɗɗa, har ma yana da fifiko ta fuska biyu. Ƙwayar yashin kogi ruwa ya goge ta ta yi sumul, ta garin dutse kuwa tana da kaifi da kusurwa, don haka tana sarƙewa da 'yar'uwarta, siminti kuma ya fi kama ta. Sannan ƙurar da ke cikinsa ta dutse ce, ba laka ba ce. Laka tana shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke, ta kuma lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kamawa. Shi ya sa tsohon ma'aunin Birtaniya BS 882 ya iyakance ƙura mai laushi a yashin kogi zuwa kashi 4 cikin 100, amma ya yarda ta kai kashi 16 a yashin da aka niƙa daga dutse, ko kashi 9 idan daɓen da zai sha nauyi za a yi.

Sai dai kaifin da ya ba shi ƙarfi shi ne kuma aibinsa a hannun lebura. Kwaɓin garin dutse yana da tauri, ba ya bin shebur, ba ya kwanciya cikin katako da sauƙi. Abin da mai kwaɓi zai yi shi ne ya ƙara ruwa, kuma nan ne ɓarnar take. Tun 1918 Duff Abrams na Amurka ya nuna cewa ƙarfin kankare yana raguwa gwargwadon yadda ruwa ya ƙaru a kan siminti. Buhu ɗaya ba ya buƙatar fiye da kimanin lita 25 zuwa 30 a aikin gida. Ruwan da ya haura haka zai ƙafe ya bar ƙananan ramuka, ta cikinsu kuma danshi zai isa ga rodi ya sa shi tsatsa. Ke nan ana iya sayen garin dutse mai kyau a ƙare da kankare mai rauni, ba don laifin garin ba. Mafita mafi sauƙi ga mai kwaɓi da hannu ita ce gauraya shi da yashi mai tsabta, maimakon a kawar da yashin gaba ɗaya, sannan a auna ruwa da bokitin da aka san cikinsa.

Yanayin birni yana ƙara wasu matsaloli. Yawancin lungunan cikin ganuwa tifa ba ta shiga. A bakin titi ake juye kaya, a riƙa jido da baro ko kura, wani lokaci tsibin ya yi makonni a ƙasa yana haɗuwa da turɓaya da shara. Wanda aka kwaso daga gindin tsibi ya riga ya zama wani abu daban. Gwajin kwalba yana tona wannan: a zuba garin zuwa rabin kwalba, a cika da ruwa mai ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye na sa'o'i uku. Laka da ƙura za su kwanta a sama, kaurinsu kuma zai nuna yawansu. Haka nan iskar hunturu tana busar da sabon kankare kafin ya kama, kuma kwaɓi mai yawan ƙura ya fi saurin tsagewa. Ban ruwa na aƙalla kwana 7 wajibi ne, a unguwannin da ruwan kansa sai an saya daga 'yan garuwa. A kwana 28 ake auna ƙarfin kankare, amma makon farko ne ke yanke hukunci.

4.0 A gurbin siminti

Siminti ba manne ba ne da ke bushewa. Ana gasa farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, sinadaran da suka samu kuma idan sun haɗu da ruwa sai su rikiɗe su zama sabon dutse. Garin dutsen Zazzau bai ratsa wannan wuta ba. Ko an niƙa shi ya yi laushin kwalli, idan aka kwaɓa shi da ruwa aka bari ya bushe, yatsa zai murƙushe shi. Ya bambanta da tokar buntun shinkafa da aka ƙona da kyau, wadda ke iya haɗuwa da sinadarin da siminti ke fitarwa ta ƙara ɗauri. Iyakar abin da garin dutse mai laushi ke yi shi ne toshe ƙananan gurabe, kuma wannan yana amfani ne idan kaɗan aka sa, a ƙarƙashin awo na ɗakin gwaji.

Akwai kuma abin da mai gida bai cika sani ba. Yawancin simintin da ake sayarwa a buhu a Nijeriya an riga an gauraya shi da garin farar ƙasa tun daga masana'anta. Ma'auni ya yarda da kashi 6 zuwa 20 a wani rukuni, da kashi 21 zuwa 35 a wani. Wato gurbin da ciko zai iya shiga masana'anta ta riga ta cike shi, da lissafi. Wanda ya rage siminti ya cike da garin dutse a wurin aiki yana yin sirki ne a kan sirki.

Abin da ke sa yaudarar ta yi tasiri shi ne launi. Garin dutse toka-toka ne kamar siminti. Bulon da aka buga da jan yashi, idan siminti ya yi masa kaɗan, launinsa zai fallasa shi. Wanda aka buga da garin dutse kuwa zai fito da kamar wadatacce ko da an ja buhu ɗaya ya haifi bulo fiye da ƙima. Idon mai saye, wanda shi ne ma'auninsa tun kaka da kakanni, ya daina yi masa aiki. A katanga abin zai tsaya ga zaizaya da tsagewa. A ginshiƙi da linta da dakin na gidan sama, inda iyali ke kwana a ƙasa, maganar rai ce.

5.0 Abin da maginan gargajiya suka riga suka bambance

Maginin ƙasa bai taɓa ruɗa abin ɗauri da abin ciko ba. Ya san birji da ciyawa jiki ne. Ya san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke ƙarfafa daɓe da shafe ta hana ruwa shiga. Ya san katsi, wato dattin da ke kwanta a gindin karofi, sai an busar da shi an ƙona an daka kafin ya yi aiki, sannan a haɗa shi da gashin jima da ruwan dafara a sami laso. Abin lura a nan shi ne katsi ma sai ya ratsa wuta, kamar siminti. A cafe kuwa, ƙananan tsakuwa ake dannawa a jikin shafe domin su tare ruwan sama, kuma babu maginin da ya taɓa zaton tsakuwar ce ke riƙe bangon. Kowane abu da sunansa da matsayinsa, Sarkin Magina kuma yana nan a matsayin wanda ake kai wa ƙara idan aiki ya ɓaci.

Kalmomin kankare ba su zo da irin wannan tsari ba. Siminti da bulo da rodi da birkila da lebura da tifa duk aro ne, kuma sun shigo ɗaya bayan ɗaya ta bakin 'yan kwangila, ba ta hanyar koyo a gidan sana'a ba. Sunan garin dutse fassara ce mai kyau ta fuskar siffa, sai dai kalmar gari a Hausa tana ɗauke da ma'anar abin da ake kwaɓawa ya kama jikinsa, kamar garin tuwo da garin alkama. Siminti kansa gari ne a idon mai kallo. Idan aka ce wa mai gida ga wani gari mai launin siminti da rahusa, harshen ya riga ya yi rabin tallar. Da an kira shi yashin dutse, ko yashin inji, da sunan ya ajiye shi a ajinsa, kusa da yashin kogi, nesa da buhu.

Wannan aiki ne da ya dace da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun kafuwarta a 1962 take 'yan kilomitoci kaɗan daga ganuwa, tana kuma da masana harshe da na zanen gine-gine da injiniyoyi a harabar Samaru guda. Sakamakon gwaje-gwajen kankare da Ingilishi ake rubuta shi, masu kwaɓin kuwa da Hausa suke aiki. Ƙaramin littafi ko shirin rediyo da zai yi bayanin awon ruwa da gwajin kwalba da ban ruwa, da kalmomin da aka tantance tare da birkiloli da masu buga bulo, zai isa inda mujallar injiniya ba ta isa. Ya kamata irin wannan bayani ya haɗa da lafiyar masu aikin, domin ƙurar wannan dutse idan aka daɗe ana shaƙarta tana daskarar da huhu, cutar kuma ba ta da magani. Yayyafa wa tsibi ruwa kafin a ɗiba da rufe hanci suna rage haɗarin ga lebura da kuma yaran lungu da ke wasa a kan tsibin da aka juye a ƙofar gida.