Arthur Ashe: Yadda Wasa Ya Zama Sana'a

Bayan kaka, in an ɗaure hatsi an kai rumbu, ƴan kokawa sukan ɗauki hanya. Yau suna Yauri, gobe Matamaye, jibi Kance ko Magarya. Inda suka sauka a buga ganga, jama'a ta taru. Wanda ya yi kaye ya samu kuɗi da riga, wanda aka kayar ya kaɗe ƙura ya yi gaba. Babu mai ganin laifin ɗan kokawa don ya karɓi kyauta. Guminsa ya ci.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da aka daɗe ana ganin abin kunya ne mutum ya ci abinci da shi. Sunansa tanis.

Mutum biyu ke yin tanis, wani lokaci huɗu. Filin bai da girma: tsawonsa mita 23 da santimita 77, faɗinsa mita 8 da santimita 23. Ana ɗaura raga a tsakiya, ba ta kai mita guda ba a tsaye. Kowane ɗan wasa yana riƙe da raket, wani abu kamar faifai mai dogon mariƙi, an saƙe cikinsa da tsirkiya. Da shi ake bugun ƙwallo, wadda ba ta fi lemun zaƙi girma ba. Ana so ta haye raga ta faɗa cikin layi, inda abokin karawa ba zai iya maido ta ba.

Ƙidayar wasan tana da ban mamaki. Cin farko ana ce masa 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu kuma an ɗauke hannu guda. Hannu shida ke yin turmi, amma sai an tsere wa abokin karawa da hannu biyu. A manyan gasa na maza, wanda ya riga cin turmi uku shi ne mai nasara.

Kafin shekarar 1968 ƴan tanis kashi biyu ne. Akwai masu yi don sha'awa, waɗanda ba a yarda su karɓi kuɗin nasara ba. Su kaɗai ke shiga manyan gasa huɗu na duniya: ta Ostareliya, ta Faransa, ta Wimbildon a Ingila, da ta Amurka. Akwai kuma ƴan sana'a, irin su Jack Kramer da Pancho Gonzales. Su ne suka fi gwaninta, amma an rufe masu ƙofa. Sai su riƙa bin garuruwa a mota, da shimfiɗar filinsu ta tamfol a naɗe cikin babbar mota, su yi wasa da dare, da safe su wuce. Dokar ta yi wa ƴaƴan masu hali daɗi, tun da su ba su da damuwar tuwon dare.

Yaron filin Brook

An haifi Arthur Ashe ranar 10 ga Yuli 1943 a garin Richmond, jihar Birjiniya, cikin Amurka. Baƙar fata ne. A lokacin nan doka ta raba farare da baƙaƙe a kudancin ƙasar: makaranta dabam, wurin zama a mota dabam, filin wasa dabam. Mahaifiyarsa ta rasu a 1950, yana da shekara shida. Mahaifinsa shi ne mai tsaron Brook, filin wasannin da aka keɓe wa baƙaƙe, kuma gidansu yana cikin filin. Yaron siriri ne ƙwarai, don haka uban ya hana shi wasannin ture-ture. Amma akwai filayen tanis a ƙofar gida. Yana da shekara bakwai ya fara bugu. Wani ɗalibi mai suna Ron Charity ya ga hannunsa, ya shiga koya masa.

Da ya kai shekara goma aka kai shi wurin wani likita baƙar fata, Robert Walter Johnson, a garin Lynchburg. Likitan yana da filin tanis a gidansa, yana tara yara lokacin hutu, yana ci da su, yana horar da su. Shi ne ya taimaki Althea Gibson, baƙar fata ta farko da ta ci Wimbildon, a 1957.

Horon likita yana da tsanani. Yaransa ba su gardama da alƙalin wasa. Ba su jefar da raket don fushi. In ƙwallon abokin karawa ta faɗi dab da layi, ko da ta ɗan fita, sai su ɗauke ta a kan mai kyau su ci gaba. Wannan doka ta sa sun yi hasarar wasannin da ya kamata su ci, kuma ba adalci ba ce. Amma likita ya san inda yake kai yaran. Farare suna neman ƙaramin dalili ne su ce baƙin yaro bai da tarbiyya, su kore shi, su rufe ƙofa ga na bayansa. Ashe ya riƙe horon nan har ƙarshen ransa. Ko ya ci, ko an ci shi, ba a gane kome a fuskarsa.

Duk da haka akwai gasannin garinsu da aka hana shi shiga. Ya ƙarasa makarantar sakandare a wani gari, Saint Louis, sannan jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ta ɗauke shi karatu kyauta saboda tanis. A 1963 aka sa shi cikin ƙungiyar Amurka ta gasar Kofin Davis, wadda ƙasashe ke karawa a cikinta. Kafin shi babu baƙar fatan da ya taɓa shiga. Da ya gama jami'a a 1966 ya shiga soja, ya zama laftana.

Nasara ba lada

A watan Afrilu 1968 aka buɗe ƙofa. Aka ce daga yanzu kowa ya zo, mai sha'awa da ɗan sana'a, a kara. A watan Satumba aka yi gasar Amurka ta farko a sabon tsari, a birnin Niyok. Ashe ya kai wasan ƙarshe, ya haɗu da Tom Okker, mutumin Holan. Turmin farko kaɗai sai da ya kai hannu 14 da 12. Okker ya rama, Ashe ya sake ci, Okker ya sake ramawa. A turmi na biyar Ashe ya ɗauke da 6 da 3.

An tanadi dalar Amurka 14,000 don mai nasara. Kada a ɗauka dalar kasuwar Matamaye ce, mai tamma biyar. A shekarar nan dalar Amurka guda ta kusan tamma 250, wato kuɗin sun kusan jika 3,500. Amma Ashe soja ne, kuma a takarda har lokacin mai sha'awa ne. In ya karɓa, ya fita daga ƙungiyar Kofin Davis. Sai aka miƙa wa Okker kuɗin, shi da aka kayar. Ashe ya tashi da kuɗin guzuri, dala 20 kowace rana, kwana 14.

A 1969 ya bar soja. A farkon 1970 ya ci gasar Ostareliya, kuma cikin shekarar ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar da wani kamfanin shirya wasanni na attajiri Lamar Hunt, mutumin Tekzas. Daga nan tanis ya zama gonarsa.

Sana'ar ba ta da sauƙi. Kowane mako sabon gari, sabon masauki, sabon fili: wani na ciyawa, wani na jar ƙasa, wani na siminti, kuma ƙwallo ba ta tashi iri ɗaya a kansu. Wanda aka fitar ranar farko ya samu kaɗan, ga kuɗin jirgi da na masauki suna jiransa. Wanda ya yi targaɗe ya zauna ba kome. Ga kuma shugabannin hukumomin tanis, sun saba juya ƴan wasa yadda suka ga dama. Saboda haka a 1972 ƴan wasan suka kafa ƙungiyarsu, ATP, da Ashe cikin waɗanda suka kafa ta. A 1973 aka dakatar da ɗayansu, Nikola Pilic na Yugoslabiya. Sai mutum 81 suka ƙi zuwa Wimbildon, gasar da kowa ke mafarki. A 1974 suka zaɓi Ashe shugabansu.

A Afirka

A 1970 da 1971 Ashe ya zagaya ƙasashen Afirka yana nuna wasa, yana koya wa yara. A Yawunde, babban birnin Kamaru, ya buga da wani yaro ɗan shekara 11. Ya ba shi raket, ya kuma yi wa manyan hukumar tanis ta Faransa magana a kansa. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa a 1983.

Afirka ta Kudu kuwa, inda farare ke mulkin wariyar launin fata, ta yi ta hana shi izinin shiga. Sai a 1973 ta bari. Ya sa sharaɗi kada a raba ƴan kallo bisa launi. Wasu baƙaƙen ƙasar sun yi murna da ganinsa, wasu sun ce zuwansa wanke gwamnati ne kawai. Daga baya shi ma ya koma cikin masu cewa a ƙaurace wa ƙasar. A 1985 har ƴan sanda suka kama shi yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancinta a Washinton.

Shekarar 1975, wadda aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, ita ce babbar shekarar Ashe. Ranar 5 ga Yuli ya shiga wasan ƙarshe na Wimbildon da Jimmy Connors. Connors yana da shekara 22, shi ne na ɗaya a duniya, bai rasa turmi ko guda ba a gasar. Ashe saura kwana biyar ya cika 32. Kowa ya ce yaro zai cinye. Shi Connors, in aka buga masa da ƙarfi, da ƙarfin nan yake maidowa. Sai Ashe ya ajiye ƙarfinsa, ko da yake da shi aka san shi. Ya riƙa turo ƙwallo a hankali, ƙasa-ƙasa, tana murɗawa. In Connors ya matso raga, ya ɗaga masa ita ta bisa kai. Lokacin hutu ya zauna shiru, ido a rufe. Ya ci 6 da 1, 6 da 1, ya rasa na uku 5 da 7, ya gama da 6 da 4. Ba a taɓa samun baƙar fata namiji da ya ci Wimbildon kafin shi ba. Wannan karon kuɗin nasara, fam 10,000 na Ingila, hannunsa suka shiga.

Wata bakwai bayan haka, a Fabrairu 1976, kamfanin Lamar Hunt ya kawo gasarsa Legas, babban birnin Nijeriya na lokacin. Ana cikin gasar, ranar Juma'a 13 ga wata, wasu sojoji ƙarƙashin Laftana-Kanar Dimka suka harbe shugaban ƙasa, Janar Murtala Muhammad, a kan hanyarsa ta zuwa ofis. Aka kai gawarsa Kano aka yi jana'iza. Juyin mulkin bai yi nasara ba, amma aka rufe iyakoki da filin jirgi. Ƴan wasa suka rasa hanyar fita.

Ranar Litinin 16 ga wata aka koma fili. Ashe yana karawa da Jeff Borowiak, ya ci turmin farko, sun shiga na biyu. Sai ga sojoji da bindigogi sun shigo tsakiyar fili suna tsawa: ƙasa tana makoki, su wane ne ke wasa? Ɗaya ya dafa wa Ashe bakin bindiga a baya. Ƴan kallo suka watse da gudu. Ashe ya ɗaga hannuwansa sama, bai ce uffan ba, ya taka a hankali har ya fita. Raketinsa a fili ya bar su. Washegari aka fitar da ƴan wasan daga ƙasar a jirgin sama. Wasan ƙarshe na gasar Legas sai a Karakas aka yi shi, can ƙasar Benezuwela, inda Dick Stockton ya ci Ashe.

A 1979 ciwon zuciya ya kama shi, aka yi masa aiki. A 1980 ya bar wasa, ya zama jagoran ƙungiyar Amurka ta Kofin Davis, suka ci a 1981 da 1982. A 1983, shekarar da ɗan Nijeriya Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbildon, aka sake yi wa Ashe aikin zuciya. Jinin da aka ƙara masa yana ɗauke da ƙwayar cutar sida, don a lokacin ba a fara gwada jini a kanta ba. Ya sanar da duniya a 1992, ya shiga faɗakar da jama'a. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu 1993 a Niyok, yana da shekara 49. Babban filin gasar Amurka, wanda aka buɗe a 1997, sunansa aka sa masa.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa likita Johnson ya hana yaransa gardama da alƙali? Ku faɗi amfanin dokar, ku faɗi kuma cutar da ke cikinta.

2. Dala nawa Ashe ya samu a gasar 1968? Kuɗin Okker sun ninka nasa sau nawa?

3. Wace dabara Ashe ya yi wa Connors? Ku kawo misalin irinta daga kokawa ko langa.

4. Ku nemo Legas, Kano, Yawunde da Karakas a taswira.

5. Ku ɗauki igiya da ma'aunin mita, ku zana filin tanis a farfajiyar makaranta, ku lissafa kewayensa.