Aikin Mai Binciken Kwamfutar Kwantom



A darasin lissafi an koya mana nemo lambobin da aka ninka suka ba da wata lamba, kamar 15 da take fitowa daga 3 sau 5. Wasunmu na ganin ɓata lokaci ne. To, a shekarar 2001 masu bincike na kamfanin IBM a Amurka sun sa wata sabuwar kwamfuta ta yi wannan lissafin na 15, kuma masana suka yi murna. Me ya sa?

Saboda kwamfutar ba irin wadda muka sani ba ce. Kwamfutar ofis da wayar hannu suna aiki da bit, wanda ko dai 0 ne ko 1. Ita kuwa kwamfutar kwantom tana aiki da kiyubit, wanda yake iya zama gaurayen 0 da 1 har sai an auna shi. Kusan kamar kwabo ne da aka wulwula a kan tebur: kafin ya faɗi ba za ka ce ga fuskar da take sama ba.

A 1994 wani masanin lissafi mai suna Peter Shor ya nuna cewa irin wannan kwamfuta, in ta yi girma, za ta iya warware manyan lambobi da sauri. Wannan ba wasa ba ne, domin sirrin da ke tsare saƙonnin bankuna da yawa ya dogara ne a kan wahalar warware lamba mai ɗaruruwan alƙaluma.

To me mai binciken yake yi kullum? Yawanci yaƙi da kuskure. Kiyubit ba ya jure zafi ko girgiza, ɗan abu kaɗan sai lissafi ya lalace. Shi ya sa ake sanya wasu na'urorin cikin sanyin da ya kusa digiri 273 ƙasa da sifiri. Mai bincike zai gwada, ya rubuta sakamako, ya gyara, ya sake gwadawa, wani lokacin watanni a kan matsala ɗaya.

Kuma ba a yarda da magana sai da hujja. A 2019 kamfanin Google ya ce na'urarsa mai kiyubit 53 ta gama cikin daƙiƙa 200 aikin da zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000. Masu binciken IBM suka ce a'a, kwana biyu da rabi sun isa.

Mai son wannan aiki yana buƙatar lissafi, kimiyyar fiziks, rubuta manhajar kwamfuta da karatun jami'a mai zurfi. Amma mafarinsa a ajinmu yake. Don haka in malamin lissafi ya shigo, kada mu sulale ta taga. In mun yi kuskure a jinga, mu sake gwadawa, domin masu binciken ma haka suke yi.